Amsa kan gubar taliyam da zubewar gashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaya, na saurari saƙonki. Kin ce kin ji labarin wata guba, taliyam, mai zubar da gashi, kina tambaya ko mai zubewar gashi ya kamata ya tsorata, kuma ko tana kama dabbobi. Bari in amsa da baki, in na ce zan rubuta ba zan gama yau ba.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Gashi ya riƙa zuba alhali mutum na cin abincinsa yana yawonsa lafiya lau, wannan ba aikin taliyam ba ne. Jego na zubar da gashi, ƙarancin jini na zubarwa, zazzaɓi mai zafi ma haka. Wanda taliyam ta kama, kafin gashin ya fara zuba ya riga ya jigata.

Shi taliyam ƙarfe ne mai laushi, wani Bature ɗan Ingila, William Crookes, ya gano shi a 1861. Gishirinsa ne matsalar: ba wari, ba ɗanɗano, kuma yana narkewa a ruwa. Shi ya sa aka daɗe ana maganin ɓera da shi, har Amurka ta hana a 1972. Kai, da can ma magani aka ɗauke shi. Yaro mai makero a kai, sai a ba shi ya sha don gashin ya zube a samu damar shafa magani. Yara da dama sun mutu a haka, in aka kuskure awo kaɗan shi ke nan.

To me yake yi a jiki? Akwai sinadarin fotasiyam wanda jijiyoyi da tsoka da zuciya ba sa aiki sai da shi. Taliyam ya yi kama da shi ƙwarai, kamar ɓarawo ne ya sa rigar ɗan gida, jiki da kansa yake buɗe masa ƙofa ya shigar da shi cikin ƙwayoyin halitta. Yana shiga sai ya lalata hanyar da suke samun kuzari. Jijiyoyi masu tsawo, waɗanda suka sauka har tafin ƙafa, su ne suke fara jin jiki.

Yawwa, nan nake so ku saurara da kyau, don jerin alamomin shi ne komai. Kwana na farko da na biyu, ciwon ciki, amai, wani gudawa, wani kuma cikin ya ɗaure. Kowa zai ce abinci ne ya ɓata ciki. Bayan kwana 2 zuwa 5 sai ƙafafu su ɗauka. Ba irin ciwon gajiya ba, zafi ne kamar an taka garwashi, har zanen rufa ya taɓa ƙafar mutum ya yi ihu. Daga nan kasala ta riƙa hawowa sama, zuciya na bugu da sauri, wani ya rikice, wani ganinsa ya ragu. Gashi sai mako na 2 zuwa na 3 yake zuba, kuma a dunƙule, har da gefen gira. Wajen wata guda sai fararen layuka su fito a farce, a kwance.

Kun ga inda gizo ke saƙa. Alamar da kowa ya sani ita ce take zuwa a makare. Likita ma yakan ɗauka wani ciwon jijiya ne da ake kira Guillain-Barré. Akwai wata ɗaliba a Jami'ar Tsinghua da ke Beijing, a 1995, tana kwance an rasa gane kanta, sai da abokanta suka zuba alamomin a intanet, likitoci daga ƙasashe suka yi ta cewa a gwada taliyam. Aka gwada, shi ne. An ceci ranta, amma ƙwaƙwalwa da idanu sun riga sun taɓu, haka ta rayu har ta rasu a 2023. Félix Moumié kuwa, jagoran 'yan gwagwarmayar Kamaru, da taliyam aka kashe shi a Geneva a 1960.

A ganina, duk wanda ya yi ciwon ciki sannan ƙafafu suka kama da wannan zafin, musamman in mutum biyu ko uku ne a gida ɗaya, ya tafi asibiti ya faɗi jerin yadda abin ya faru, kada ya jira gashi. Gwajin fitsari ake yi, wanda aka tara na awa 24. Kuma akwai makari, likitoci na kiransa Prussian blue, asalinsa shuɗin fenti ne. Hanta na zubo gubar cikin hanji, hanji ya sake tsotse ta, haka take ta zagaye. Wannan maganin sai ya cafke ta a hanjin ta fita ta bayan gida, har bayan gidan yakan koma shuɗi. Ana haɗawa da gawayin asibiti, wani lokacin da wankin jini. Don Allah kada wani ya ce zai nemi fenti ko gawayin murhu ya sha, ba abu ɗaya ba ne. Gashi yakan dawo, jijiya ce ba ta da tabbas in an makara.

Batun dabbobi kuma, eh, sosai ma. Kare ko kyanwa su ci maganin ɓeran, ko su ci ɓeran da ya ci. Za a ga amai da gudawa, dasashi ya yi jajur, fata ta yi ɓawo tana tsagewa, gashi na zuba, dabbar ba ta son a taɓa ta. A jihar Wyoming ta Amurka, a 1971, an tsinci gawarwakin gaggafa da yawa, ashe mushen da aka barbaɗa wa gubar don kashe namun da ke cin tumaki suka ci. Tsirrai ma na tsotsa daga ƙasa, kabeji da danginsa sun fi kowa. An ga haka a garin Lengerich na Jamus a 1979, inda ƙurar wata masana'antar siminti ta gurɓata lambunan mutane.

In dabbar gida ta nuna waɗannan alamomin, a kai ta wajen likitan dabbobi tare da kwalin duk wani maganin ɓera da ke gidan, a sa safar hannu wajen kwashe amanta, sannan a tambayi yara ko akwai mai ciwon ciki. Wassalam.