Akwati ɗaya don gareji da tafiya?

Tambaya: Akwatin kayan aikina ɗaya ne, da shi nake aiki a gareji, shi nake ɗorawa a mota. Kullum sifana na ɓacewa, wasu sun yi tsatsa. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, raba su gida biyu. A akwatin gareji, guduma da manyan sifanu su zauna a ƙasa, sukudireba da filaya a sama, noti kuma a ƙaramin gwangwani mai murfi. Jera sifanu bisa lamba, giɓi zai nuna maka wadda ta ɓace.

Na tafiya, jakar zane mai naɗewa ta fi, don ƙarfe ba ya gogar ƙarfe. Motar Japan ta fi cin sifana lamba 10, 12, 14 da 17, ta Turai kuma 10, 13, 17 da 19. Ƙara filaya, sukudireba biyu, fiyus, tef da tocila. Gwada sifanar taya a kan notinka tun a gida, don ba duka ke shiga ba.

Tsatsa kuwa daga laima take. Goge kowane da tsumma mai ɗan mai kafin ka mayar.