Hukuncin ƙawata farfajiyar gida da kayan ban tsoro saboda bikin Halowin

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune da iyalina a birnin Houston na jihar Texas, Amurka. Idan watan Oktoba ya kama, maƙwabtanmu sukan cika farfajiyar gidajensu da ƙwarangwal na roba da kaburburan ƙarya da fatalwowi da saƙar gizo-gizo, har da na'urar da ke fitar da hayaƙi da kururuwa. 'Ya'yana sun matsa mini sai mu ma mun yi, domin gidanmu kaɗai ke zama fayau a layin. Ban yi imani da komai a cikin abin ba, nishaɗin yara nake nufi. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da ya bayyana gare ni shi ne, shirya wannan ado bai halatta ga Musulmi ba, ko da zuciyarsa ba ta ƙudurce komai daga aƙidar da ke ƙarƙashinsa ba.

Ana fara hukunci ne da sanin haƙiƙanin abu. Daren 31 ga Oktoba ya samo tushe daga bikin Samhain na mutanen Ailan da Sikotilan na dā, waɗanda suke ganin cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana raunana, har ruhohi su shigo cikin mutane. Daga baya daren ya zama jajiberin ranar tunawa da tsarkaka da cocin Katolika ke yi ranar 1 ga Nuwamba, sannan baƙin da yunwa ta koro daga Ailan a shekarun 1840 suka yaɗa al'adar a Amurka, inda aka koma sassaƙa fuska a jikin kabewa. Kayan da kake gani a farfajiyoyin maƙwabtanka su ne alamomin wannan biki, ba a fito da su sai dominsa, kuma ana kwashe su da zarar ya wuce. Saboda haka wanda ya kafa su ya yi shelar cewa gidansa yana cikin bikin.

Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya iso Madina ya tarar da mutanenta suna da ranaku biyu da suke wasa a cikinsu tun zamanin jahiliyya, sai ya ce Allah ya musanya musu su da waɗanda suka fi su alheri, wato ranar Layya da ranar Ƙaramar Salla. Ka lura da cewa hadisin ya siffanta ranakun da wasa, bai ce ana bautar gunki a cikinsu ba, amma duk da haka ba a bar su ba. Haka nan mutumin da ya yi bakancen yanka raƙuma a wani wuri mai suna Buwana, sai da Annabi ya tambaya ko akwai gunkin da ake bauta wa a can, ko ana yin wani idi na mutanen jahiliyya a wurin, da aka ce babu sannan ya ba shi izini. Mutumin nan don Allah zai yi yankansa, amma kyakkyawar niyyarsa ba ta hana a binciki wurin ba. Wannan shi ne amsar maganarka cewa nishaɗi kawai kake nufi, kuma a kansa malamai suka ɗora hadisin Ibnu Umar da ke cewa wanda ya yi kamanceceniya da wasu mutane yana cikinsu.

Na san akwai malamai na wannan zamani da suke sassautawa, suna cewa bikin ya rabu da asalinsa ya koma al'ada da kasuwanci, kuma asali a al'adu shi ne halacci. Hujja ce da ba za a raina ba. Sai dai ko mun sallama ta, abin da ke cikin adon kansa ya isa ya hana shi, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani. Fatalwa mai lilo a kan bishiya da gawa mai tasowa daga ƙasa suna koya wa yaro cewa mamaci yana dawowa ya yi yawo cikin dare, alhali Allah ya ce a Suratul Muminun, aya ta 100, a bayansu akwai shamaki har zuwa ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya ma sun yi imani cewa ran wanda aka kashe yana zama tsuntsu yana kuka a kan kabarinsa, sai Annabi ya kore wannan da faɗinsa babu hama, wato wannan tsuntsun, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Sannan an halatta mana ziyarar kabari ne domin ta tunatar da mu lahira. Yaron da ya taso yana ganin kabari da akwatin gawa a matsayin abin dariya a ƙofar gidansu, da wace zuciya zai tsaya a maƙabarta ranar da za a binne kakansa? Wannan ya fi damuna a kan kowane dalili.

Akwai kuma firgita mutane, wanda shi ne manufar na'urar kururuwar da ka ambata. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai suna tafiya tare da Annabi, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a razane, sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Maƙwabcinka wanda ba Musulmi ba shi ma yana da haƙƙin aminta daga cutarwarka, kuma titi na kowa ne, da jariri da tsoho da mai ciwon zuciya.

Game da mutum-mutumi, malaman mazhabar Malikiyya sun haramta surar abu mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, don haka gumakan mayu da dodanni sun shiga ciki, ƙwarangwal kuwa ana iya saɓani a kansa, shi ya sa ban gina hukuncin a kan wannan ba. Almubazzaranci kuma a fili yake: a shekarar 2020 kamfanin Home Depot ya fito da ƙwarangwal mai tsawon ƙafa 12 a kan kimanin dala 300, kuɗin da za su ciyar da wani gida na kwanaki masu yawa.

To, yaya za ka yi da yaranka da maƙwabtanka? Al'adar can ta ba ka mafita, domin kashe fitilar ƙofar gida a wannan dare alama ce da kowa ya sani ta cewa gidan ba ya cikin bikin, kuma ba a ɗaukar ta cin mutunci. Idan duk da haka wani yaro ya ƙwanƙwasa, ban ga laifi ba ka tarbe shi da sakin fuska ka ba shi abin da ya samu, matuƙar ba tanadi ka yi domin bikin ba. Ƙawata farfajiya da furanni da fitilu, ko kabewar da ba a sassaƙa mata fuska ba, halal ne idan ba a ƙulla shi da wannan dare ba. 'Ya'yanka kuwa kada ka tsaya ga cewa haramun ne ka yi shiru, domin kaɗaicin da suke ji gaskiya ne. Ka zaunar da su ka yi musu bayani gwargwadon hankalinsu, ka kai su wurin taron da masallatai da yawa a Amurka suke shirya wa iyalai a wannan dare, sannan idan Salla ta zo ku ƙawata gidan sosai, su da kansu su kai wa maƙwabta alewa da abincin Salla. Idan ka riga ka sayi kayan, ka mayar da su shago a ba ka kuɗinka, kuma babu komai a kanka game da abin da ya wuce kafin ka san hukuncin.

Allah ne mafi sani.