Ƙunar sinadari a tsibiri: me za a fara koya wa masu agaji?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. An ɗora mini horar da 'yan sa-kai a wani tsibiri da sai an yi sa'o'i a jirgin ruwa kafin a kai asibiti. Idan sinadari ya ƙona mutum, me ya fi kamata su iya?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Abin da zan so ki fi dagewa a kai shi ne wanki da ruwa, da haƙurin daɗewa ana yin sa. Ƙunar wuta tana tsayawa idan an raba mutum da wutar aka kuma sanyaya wurin, amma sinadari yana ci gaba da cin fata muddin yana jikinta. A tsibiri kuwa hankalin kowa yana tafiya wajen neman jirgi, sai a watsa ruwa kofi biyu a ɗauki mutum a guje, sinadarin yana aikinsa duk tsawon tafiyar. Ki koya musu cewa wani ya je neman jirgi, sauran su tsaya kan ruwa.

Mai agaji ya fara sa safar hannu. A yanke rigar da ta jiƙe da almakashi, kada a cire ta ta kai a shafa wa fuska, a zare zobe da agogo. Idan gari ne, kamar siminti ko farar ƙasa, a kakkaɓe shi a bushe tukuna. Sannan a zuba ruwa mai gudana aƙalla minti 20, ta yadda zai gangara ƙasa ba tare da ya bi lafiyayyar fata ba. Idan ruwan sha ya yi ƙaranci, gara ruwan teku da jira.

Su san bambancin nan da kyau. Asid, irin ruwan batirin jirgi ko na sola, yana daskarar da saman fata, abin da ke ɗan rage masa shiga ciki. Soda mai ƙuna da jiƙaƙƙen siminti kuwa narkar da nama suke, suna nutsewa a hankali, har wurin ya yi santsi kamar an shafa sabulu, sau da yawa kuma zafin ba ya zuwa da wuri. Irin wannan yakan buƙaci sa'a guda ko fiye ana wankewa. Kada su zuba wani sinadari don ya kashe na farko, haɗuwarsu zafi take haifarwa. Mai da man goge baki ma babu su a nan.

A wajen horo, ki shafa wa ɗaya ruwa mai launi a hannu, ki ajiye agogo, su yi ta ɗebo ruwa har minti 20 su cika. A nan za su gane bokiti nawa ake buƙata da mutum nawa. Su kuma koyi lulluɓe sauran jiki, don yaro da tsoho sanyi yana saurin kama su.

Idan ido ne, a buɗe fatar idon a zuba daga gefen hanci zuwa waje. Bayan wanki a rufe ciwon fata da leda mai tsabta ba tare da matsewa ba. Tafin hannun majinyaci da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa, da shi za su kimanta faɗin ƙunar idan sun kira likita. Su ɗauki hoton ciwon da na mazubin sinadarin, domin akwai irin su asid haidirofulorik da ke buƙatar maganin kalsiyam gulukonet na musamman. Ƙunar fuska, ido, hannu, gaɓoɓi ko al'aura sai asibiti, ko da ta yi kama da ƙarama.