Hajiya, kar ki fara da injin kaɗi

Wata 'yar kasuwa daga Kano ta aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan ina sayar da zaren saƙa, mafi yawansa ɗan waje ne, daga Chana da Turkiyya. Kwastomomina mata ne masu saƙar kwarashi da ta kibiya. Tun da dala ta tashi, duk sarin da na je sai in tarar farashi ya canja, har wasunsu sun ajiye sana'ar. Ga shi muna da auduga a Funtuwa da Gusau. Na tara naira miliyan 40, ƙanena kuma ya nuna min wani ƙaramin injin kaɗi a intanet. Ina so in riƙa yin zaren a gida, ba tare da na ɓata wa mutane ruwa ko unguwa ba. In saya?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kar ki sayi injin nan, aƙalla ba bana ba. Tunaninki na yin zare a gida yana da kyau, sai dai ƙofar da kike shirin shiga ta ita ce ta fi kowace tsada, ta kuma fi cinye jari.

Kafin komai, yau idan kin je shago ki yanki ɗan guntun zaren da ya fi fita a wurinki, ki ƙyasta masa ashana. Idan ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙololo mai tauri, yana warin roba, to akirilik ne, kuma ina kyautata zaton abin da za ki gani ke nan. Auduga cin wuta take yi ta bar toka mai laushi, tana warin ƙonannar takarda. Abin da mata ke kira ulu a kasuwa yawanci akirilik ne, asalinsa daga man fetur, ana yin silinsa a manyan masana'antun sinadarai irin na kamfanin Aksa da ke Yalova a Turkiyya. Ulun gaske kuwa gashin tumaki ne, mu kuma tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, ba masu ulu ba ne. Ke nan abin da za ki iya yi da albarkatun gida zaren auduga ne, shi kuma wata haja ce daban. Ya fi nauyi, ba ya miƙewa ya koma kamar akirilik, ba ya riƙe ɗumi sosai. Mai saƙa wa jariri rigar sanyi a watan Disamba ba lallai ta karɓe shi ba. Amma mai saƙa jaka, da hula, da mayafin teburi, da 'yar tsana, da kayan zafi, ita auduga take nema. A nan ribarki take: akirilik ya ci kasuwar hunturu, auduga ta riƙe miki shago daga Maris zuwa damina, lokacin da ciniki ke kwanciya.

Sai batun injin. Abin da kakanninmu mata ke yi da magurji da bakan shiɓa da mazari, a masana'anta injina ne jere, biyar ko shida: mai warware dilar auduga ya kakkaɓe datti, mai shiɓa, mai miƙe sutu, mai siranta shi, mai kaɗi, mai naɗewa a kan kwarkwaro. Wanda ƙaninki ya gani ɗaya ne daga cikinsu, ko kuma ƙaramin da ba zai ba ki zare mai kauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Dukkansu wuta suke so wadda ba ta ƙiftawa, don duk ɗaukewa ɗaya zare ya tsinke a kan ɗaruruwan mazarai. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, dizal kuma kin san yadda yake. Akwai ma abin da masu tallar inji ba sa faɗa: auduga ba ta kaɗuwa da kyau a busasshiyar iska. A hunturun Kano dole a riƙa fesa wa ɗakin kaɗi laima, in ba haka ba zare ya yi ta tsinkewa. Na taɓa shiga wani sito inda wani bawan Allah ya ɗaga min tamfol ya nuna min injin da ya sayar da fili ya sayo. Ko ledar da aka naɗo shi ba a gama cirewa ba. Kuɗin ya ƙare a tashar jirgin ruwa, babu na taransifoma, babu na auduga.

Manya ma sun sha wuya a wannan fage. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL da ke Kaduna ita ma ta bi bayanta a 2007. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da kayan fasa-ƙwauri ne suka durƙusar da su. Kada kuma ki ɗora lissafinki a kan cewa gwamnati za ta tare miki kayan waje. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da kayan masaƙa dalar gwamnati, a Oktoban 2023 ya janye hanin. Wanda ya ci bashi saboda dokar farko, ta biyu ta same shi a tsakiyar kogi.

Ga ƙofar da nake ganin ta dace da miliyan 40. Ki bar kaɗi ga masu kaɗi. Ki nemi masana'antar da ke kaɗa zaren auduga don masaƙa, ki sayi nata a kan kwarkwaro, da kilo. Zaren nan siriri ne, don yadi aka yi shi. Aikinki shi ne ki haɗa sili huɗu, shida ko takwas a murɗe su wuri ɗaya su yi kaurin da kwarashi ke so, a rina, a busar, a dunƙula giram 50 ko 100, a manna sunanki. Injin murɗi da na dunƙulawa ƙanana ne, sola mai ɗan ƙarfi tana iya ɗaukarsu. Kuma a wannan zangon ne ake ƙara wa zare daraja, don mai saƙa ba kilo take saye ba. Launi take saye, da laushi, da tabbacin cewa idan dunƙule uku suka ƙare mata a tsakiyar mayafi, za ta dawo ta samu na huɗu kala ɗaya sak. Saboda haka kowace tukunyar rini ki ba ta lamba, ki rubuta a jikin takardar.

Wajen sayen zaren ki buɗe ido a kan abu ɗaya. Ana yawan zuba audugarmu a buhun leda tun daga gona, silin ledar ya bi ta har cikin zare. Ba ya shan rini. Sai kin rina baƙi ko shuɗi za ki ga fararen layuka sun fito kamar furfura. Ki karɓi kilo biyu ki rina tukuna kafin ki biya kuɗin tan.

Maganar kare muhalli da kika kawo, kusan dukkanta a rini take. Ba a lakabin "na gida" take ba, don ana iya yin zare a Kano a kuma kashe wa maƙwabta rijiya. Duk wanda ya ga kalar ruwan da ke gangarowa daga wasu masana'antu zuwa kogin Challawa ya san abin da nake nufi. Rinin zamani na auduga yana cin gishiri da soda da ruwa mai yawa, kuma ruwan ba na zubarwa a kwata ba ne. Ki gina ramuka na siminti inda zai kwanta ya tace, ki fara da launuka biyar kawai maimakon talatin, ki riƙa rina masu haske kafin masu duhu don ruwan ɗauraya ya yi aiki sau biyu. Farin zare da ba a rina ba ma haja ce, kuma shi ya fi arha a wurinki. Ga marinar Ƙofar Mata a kusa da ke, inda ake rini da baba da toka. Shuɗin baba a kan zaren auduga abu ne da kwantenar Chana ba ta kawowa, kuma masu saye a Abuja da Legas za su biya shi da daraja. Amma baba yana zuba idan ba a ɗauraye shi sosai ba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan kowane rukuni kafin ya fita. Hular jariri ɗaya ta zuba a jikin farar shaddar mai jego ranar suna, labarin ya zaga dangi kafin la'asar.

In kina son taɓa kaɗin hannu, akwai tsofaffi a karkara da har yanzu ke kaɗa abawa da mazari. Kaurinta ya yi daidai da saƙar jaka, sai dai ba ta yawa kuma ba ta zuwa iri ɗaya. Ki ɗauke ta a matsayin kayan marmari mai tsada, ki biya su farashin da zai sa jikokinsu su so koya.

Kuɗin kuwa, kada ki fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a zagayen farko, sauran ya ci gaba da juyawa a shagon da ke ciyar da ke. Kilo ɗaya dunƙule goma ne na giram 100, amma ki lissafa tara, don murɗi da rini suna cin nasu. Ki tara kuɗin zare, rini, ruwa, wuta, lada, takarda da mota, ki raba da tara, ki ajiye kusa da farashin zaren audugar waje da ke kan kantarki. Idan naki bai sauko ƙasa da shi ba, ko bai fi shi kyau a ido da hannu ba, ki tsaya ki gyara kafin ki ƙara ko sisi. Ki yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki kuma tuntuɓi hukumar kula da ingancin kaya ta SON kan shaidar ingancin kayan gida kafin ki fara kai wa 'yan sari.

Ki zaɓi mata goma cikin kwastomominki, waɗanda ba sa jin kunyar faɗa miki gaskiya, ki ba kowacce dunƙule biyu kyauta. Ki ce su saƙa, su wanke sau uku da omo, su shanya a rana, su dawo miki da abin a hannu. Idan bakwai suka tambaye ki nawa ne dozin, ki sake rubuto min mu yi lissafin injin murɗi.