An rubuta min O positive a gwajin aure, na kamu ke nan?

Tambaya: Salam likita, don Allah a taimaka min. Bikina saura wata biyu, mun je gwajin aure sai na ga O positive a takardata, tun ranar ban runtsa ba. Yayata ta ce duk wanda aka rubuta wa positive ya kamu. Ko Mama ban iya nuna wa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, share hawayenki ki kai wa Mama takardar, rukunin jininki ne kawai. A bakin Bature kalmar nan fuska gare ta da yawa, mutum mai kyakkyawan zato positive ne, lamba sama da sifili positive ce, kan batirin mota mai alamar + ma haka. A lab kuwa nufinta an samu abin da aka nema, shi ke nan. In HIV aka nema labari ne mara daɗi, in ciki ne a yi wa amarya barka, a naki kuma wani sinadari ne a jikin ƙwayar jini mai suna Rh, kuma yawancin mutanenmu suna da shi.

Ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu murna da negative. Kullum sai na gani, mace ta ga O negative ko B negative ta ce alhamdulillahi ba ni da komai, ta ninke takarda ta tura ƙasan akwati. Alhali ita ce ke buƙatar kulawa, don jininta ba shi da wannan Rh ɗin! In mijinta positive ne jariri zai iya ɗauko jinin uban, jikinta ya ɗauke shi baƙo ya haɗa garkuwar da za ta yaƙi jinin jaririn. Cikin fari yawanci lafiya lau ake sauka, na bayan ne ke shan wuya, jariri ya zo da shawara mai tsanani ko ba jini, wani ya mutu a ciki. Sai a ce wabi take yi, a ce iska ce, a dinga yawo da ita gidan boka ana hayaƙi, mai kemis ɗin unguwa da bai taɓa duba rukunin jininta ba yana ta ɗirka mata maganin taifot. Wallahi abin yana min ciwo, don allura ce ke hana wannan, anti-D, ana yin ta wajen sati 28 na ciki sannan cikin awa 72 bayan haihuwa, haka bayan ɓari, kuma in garkuwar ta riga ta haɗu allurar ba ta warware ta.

Ke dai ki duba layin HIV da ciwon hanta da jinotayif (gwajin sikila) daban, ki zauna da ma'aikacin da ya yi gwajin ya karanta miki su ɗaya bayan ɗaya kafin ki bar asibitin.