Rumbuna 40, sabar biyu: ta yaya zan kafa jigilar log ba tare da yi ɗaya-ɗaya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da rumbunan bayanai a wurin aikinmu, SQL Server muke amfani da shi. An sayo sabar ta biyu, aka ce in kafa jigilar log domin ranar da ta farko ta faɗi mu koma kan ta biyun. Rumbunan sun kai 40. Na kafa uku da hannu ta tagogin SSMS, manhajar sarrafa SQL Server, ya cinye mini yini guda, kuma bayan kwana biyu ɗaya ya tsaya da kansa. Akwai yadda zan rubuta sikirif ya yi mini gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma shi ya kamata ka yi. Sai dai kafin ka rubuta ko layi ɗaya, koma kan rumbun nan da ya tsaya, domin abin da ya tsayar da shi zai tsayar da sauran 39 idan ba ka gano shi ba.

Log shi ne fayil ɗin da rumbu ke rubuta duk canjin da aka yi masa a ciki. Jigilar log ayyuka uku ne kawai da SQL Server Agent, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali, ke maimaitawa. A sabar farko ana ɗaukar bakof na log, wato kwafinsa na ajiya, a ajiye a folda da aka buɗe wa sabar ta biyu. Ita ta biyun ta kwaso fayilolin zuwa faifanta, sannan ta zuba su cikin nata rumbun ɗaya bayan ɗaya. Kowane fayil yana farawa ne daga lambar jerin log, wato LSN, da wanda ya gabace shi ya ƙare a kai, kamar sarƙa. Zobe ɗaya ya ɓata, duk na gaba ba za su shiga ba.

Abin da na fi zato a wurinka shi ne akwai wani mai ɗaukar bakof na log ban da aikin jigilar: ko tsohon tsarin kulawa da wani ya kafa shekarun baya, ko manhajar bakof ta kamfani da ke aiki da daddare. Idan ta ɗauki log ɗaya ta kai wani wuri, gobe da safe za ka tarar da kuskure mai lamba 4305, wato fayil ɗin da ake son zubawa ya yi gaba da inda rumbun yake. Buɗe msdb, rumbun da SQL Server ke ajiye tarihin bakof a ciki, duba teburin backupset inda nau'in ya zama L (wato log), ka haɗa shi da backupmediafamily, za ka ga fayil ɗin da ya fita daga layi da inda aka kai shi. Ka zuba shi da hannu, jigila ta ci gaba. Idan ya salwanta, bakof na bambanci, mai ɗauke da abin da ya canza tun cikakken bakof na ƙarshe, zai iya ɗinke ɓarakar, muddin ba a ɗauki sabon cikakken bakof bayan tsinkewar ba. Cikakken bakof shi kansa ba ya tsinke sarƙa. Masu tsinke ta su ne bakof na log da wani daban ya ɗauka ba tare da COPY_ONLY ba (zaɓin da ke kwafa ba tare da taɓa sarƙa ba), da mayar da rumbu zuwa SIMPLE, tsarin da ba ya barin a ɗauki bakof na log, ko da na minti ɗaya ne.

Shi ya sa rabin sikirif ɗinka ya kamata ya tafi a bincike. Ya tabbatar rumbun yana kan FULL ko BULK_LOGGED, tsare-tsaren da ke barin a ɗauki bakof na log. Ya tabbatar Agent yana aiki a sabar biyun (bugun Express ba shi da Agent, don haka ba ya cikin wannan magana). Ya duba ko wani aiki yana taɓa log ɗin. Ya gwada izinin folda, wanda nan ne mutane suka fi tuntuɓe: asusun da ke tafiyar da SQL Server a ta farko shi ke rubutawa, asusun da ke gudanar da aikin kwasowa a ta biyu shi ke karantawa. Don kai ka iya buɗe foldar da asusunka, wannan bai nuna komai ba. Rumbun da ya faɗi gwaji ɗaya, sikirif ya tsallake shi, ya rubuta dalili, ya wuce na gaba.

Kafawar kanta ba ta da wuya. A tagar da ka yi ukun nan akwai maɓallin da ke fitar da duk abin da ka zaɓa a matsayin T-SQL, harshen umarnin SQL Server. Fitar da na rumbu ɗaya ka karanta shi a natse. Da farko ka zuba cikakken bakof a ta biyu da NORECOVERY, wato ka bar rumbun a rufe yana jiran ƙarin log. Daga nan a ta farko ka kira sp_add_log_shipping_primary_database, a ta biyu sp_add_log_shipping_secondary_primary sai sp_add_log_shipping_secondary_database, ka dawo ta farko da sp_add_log_shipping_primary_secondary. Ayyukan da waɗannan ke ƙirƙira a kashe suke zuwa kuma ba su da jadawali, sai ka ɗaura musu jadawali ka kunna su da sp_update_job. Na ga wanda ya manta wannan, ya yi mako yana zaton komai na tafiya. Sunayen rumbuna, foldoji da mintuna kuwa, kada ka cusa su cikin sikirif. Ka zuba su a teburi guda, sikirif ya riƙa karantowa. Kuma ya fara duba log_shipping_primary_databases, domin idan ka sake gudanar da shi ya bar waɗanda aka riga aka kafa.

Idan ana barin PowerShell a wurinku, ni dbatools zan ɗauka. Kyauta ne, Chrissy LeMaire ce ta faro shi, kuma umarninsa Invoke-DbaDbLogShipping yana yin bakof na farko, zubawa da ayyukan uku a kira ɗaya. Test-DbaDbLogShipStatus kuma ya nuna maka wanda ke baya. Duk da haka ka karanta T-SQL ɗin sau ɗaya, saboda ranar da abu ya lalace da shi za ka yi gyara.

Jadawali: tagar tana ba ka minti 15 ga kowane aiki. Rumbuna 40 su tashi a daƙiƙa ɗaya, faifai da layin sadarwa za su ji a jikinsu. Sa sikirif ya karkasa lokacin farawa, kuma ka kunna matse bakof. Mintunan da kansu ba kai kaɗai za ka yanke ba. Tambayi shugabanninka: idan sabar ta mutu yanzu, aikin minti nawa za mu iya haƙurin rasawa? Amsarsu ita ce tazarar bakof.

Akwai zaɓi biyu da nake so ka tsaya a kansu. STANDBY yana ba da damar karanta rumbun na biyu, amma duk lokacin zubawa sai an kori masu karatu ko zubawar ta jira, kuma ba ya yiwuwa idan ta biyu ta fi ta farko sabon bugu. Idan don ko-ta-kwana kawai kuka saye ta, NORECOVERY ya wadatar. Na biyu, jinkirin zubawa. Ka sa awa biyu, misali, idan wani ya goge teburi bisa kuskure da ƙarfe goma, har sha biyu kana da shi lafiya lau a ɗaya gefen. Wannan alheri ne da tsare-tsare masu tsada da ke kwafa nan take ba sa ba ka.

Sabar sa-ido kuwa, wato wadda ke lura da jigilar ta faɗakar idan an makara, ka yanke shawararta tun yanzu, domin ba a canza ta bayan kafawa sai an rushe jigilar. Faɗakarwa 14420 tana nufin bakof ya makara, 14421 zubawa ta makara. Haɗa su da Database Mail, hanyar aika imel ta SQL Server, su iso wayarka.

Abin da jigilar ba ta ɗauka: asusun shiga, ayyukan Agent, da haɗin wasu sabar, domin suna zaune a rumbunan sabar kanta, master da msdb. Kwafe asusun da lambar shaidarsu, wato SID, da Copy-DbaLogin ko sp_help_revlogin, in ba haka ba ranar komawa rumbu zai buɗe amma manhaja ta kasa shiga. Haka nan haruffan faifai su zama iri ɗaya a sabar biyun, domin sabon fayil da aka ƙara a ta farko zai nemi wannan hanyar a ta biyu.

Sai sikirif na biyu, na ranar komawa: ya ɗauki jelar log, wato ragowar da ba a riga an ɗauka ba, da NORECOVERY idan ta farko tana da sauran rai, ya kwaso ragowar fayiloli, ya zuba su, ya buɗe rumbun da RECOVERY, ya kashe ayyukan jigila. Gwada shi a kan ƙaramin rumbu guda wata Asabar, ka duba agogo ka rubuta mintunan da ya ɗauka, sannan ka saki na kafawa a kan sauran, biyar-biyar.