Yankari a Bauchi take ko a Gombe?

Malama, kin ce kina haɗa wa ɗalibanki tambayoyin kacici-kacici, kuma wannan ta rikita ki. Yankari, wato gandun namun dajin nan, a jihar Bauchi take, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa Gombe da Bauchi jiha ɗaya ce a da, sai 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne shekara: an keɓe dajin a 1956, amma sai 1962 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido. Ruwan Wikki kuwa, wato maɓuɓɓugar da ke cikin dajin, ɗumi gare shi, kusan digiri 31, ba ya ƙona jiki. Maganar yawan giwaye, ki tambayi ma'aikatan gandun kafin ki sa ta cikin tambayoyinki.